Hannun da Ke Aljihu

Tun da Auta ta kunna kwamfuta da safiyar Litinin gabanta yake faɗuwa, domin layin da ke ƙarƙashin hoton babanta yana nan inda ta bar shi, ko motsi bai yi ba.

Aikinta a ofishin ba da rance ba shi da wuyar bayani. Masu ƙananan sana'o'i kan zo neman jari, a bincike su, in an gamsu da su sai a tura ta da kyamara ta ɗauko hotonsu a wurin aikinsu, ta rubuta 'yan kalmomi a kansu, a ɗora a wani shafi na intanet. Can a ƙasashe masu nisa akwai mutanen da ke zaune a falonsu suna ture hotunan nan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kwanta musu a rai su zuba masa ɗan abin da suka ga dama. Duk wanda ya zuba, siririn layin da ke ƙarƙashin hoton sai ya ƙara yin kore. In ya cika, rance ya samu. In wa'adi ya ƙare bai cika ba, ko da ƙiris ya rage, kuɗin kowa ya koma aljihunsa, mai sana'a kuma a ba shi haƙuri. Wa'adin babanta zai ƙare ranar Alhamis da la'asar, koren kuwa ko rabi bai kai ba.

Ta daɗe a aikin nan, ta san abin da masu zaɓen suke so fiye da yadda su kansu suka sani. Allah ya saka musu da alheri, ba mutanen banza ba ne, guminsu suke bai wa wanda ba su taɓa gani ba. Amma da ido suke zaɓe, kuma idon nan ba ya zama wuri ɗaya. Suna son mace tana dariya rungume da ɗan akuya. Suna son rufin kwano da ya yi tsatsa, da jariri a goye, da hannu dumu-dumu da aiki. Akwai wata mai sayar da ƙwai da haƙorinta na gaba ya fita, kafin Auta ta gama shan shayi layinta ya cika, har aka riƙa cewa a ofis giɓin ne ya tsaya mata. Dattijo namiji kuwa, mai tsabta, wanda ba a ga alamar yana cikin wani hali ba, wuce shi ake yi kamar ba a gan shi ba.

Irin hoton da babanta ya ɗauka ke nan. Ranar da za ta zo, tun da sassafe ya share shagonsa na kafinta tas, ya kwashe garin katako, ya lulluɓe injin da ya ƙone da tsohon zanen gado don kada ya ɓata wuri. Inna ta goge masa farar rigarsa ta zuwa taro har tana ɗaukar ido, ya ɗaura agogon da ya daina tafiya tun Auta tana firamare, ya tsaya ƙyam yana kallon kyamara kamar wanda za a ba lambar yabo, hannun hagu a aljihu. Da ta ce ko zai sa kayan aiki, sai ya yi mata kallon yarinyar da ba ta san duniya ba. Ya ce shi ya tsufa yana karɓar kaya a kan amana wurin 'yan katako, kuma bai taɓa zuwa gabansu da datti ba, domin mai ba da rance so yake ya ga wanda zai iya biya. Wa zai ɗauki kuɗinsa ya ba mai tsumma? Maganarsa gaskiya ce a kowace kasuwa da ya sani. Ita ce dai ta kasa buɗe baki ta ce masa a wannan kasuwar a juye ake kallon abin.

Abin da ke rataye a layin nan ba ƙarami ba ne. Injin tsaga katakon da ya riƙe gidansu tun kafin a haife ta ya ƙone ƙurmus, mai gyara ya duba ya ce sai dai a yi masa addu'a. A daidai lokacin kuma wata makaranta ta ba shi aikin bencina da tebura, aikin da bai taɓa samun irinsa ba, da sharaɗin ya nuna wa hedimasta inji mai aiki ranar Juma'a, in ba haka ba a miƙa wa wani. In aikin ya kuɓuce shagon ma ya tafi, don mai ginin ya gaji da jira. Yayanta har ya fara cewa ai Baba ya yi mai wuyar, ya dawo gida ya huta. Auta ta san babanta. In aka zaunar da shi a ƙofar gida da rediyo a cinya, ba zai kai baɗi ba.

Da hantsi Manaja ya leƙo ya yafuto ta. Shi da kansa ya je binciken shagon, tunda doka ba ta yarda 'ya ta tantance ubanta ba. Hoto kawai aka bar mata, don babu wani mai ɗauka. Mutum ne mai gumi ko a ƙarƙashin fanka, kuma duk rancen da ya faɗi a shafin sai na sama da shi sun titsiye shi. Ya juyo mata da kwamfutarsa ya ce ta duba tsakani da Allah, in ita ce a can, za ta zuba wa wannan attajirin? Ya ce kai ka ce mai ginin ne ya zo karɓar haya. Ta yi murmushin yaƙe. Ya ce shafin yana ba da damar canza hoto sau ɗaya tak, kuma lokaci bai ƙure ba tukuna.

Ta ce za ta lallaɓa shi ya sa kayan aiki.

"Kayan aiki ba za su isa ba," in ji Manaja. Ya rage murya, ya ɗaga nasa hannun hagun ya kaɗa yatsu. "Na gani ranar da ya yaye mini injin. Wannan za ki ɗauko. Ya ɗora shi a kan injin, ki rubuta cewa aiki ya ci masa yatsu amma bai ajiye aikin ba. Kafin yamma ya cika."

Ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce, ranka ya daɗe, ba ka san shi ba ne. Ya ce gaskiya ne bai san shi ba, amma ya san shafin, ita ma ta san shi, kuma ba ita ce ta taɓa sa mai gyaran takalma ya jingine sandunan da yake dogarawa a inda za su fito a hoto ba? Ta yi hakan kuwa, kuma a lokacin har yaba wa kanta ta yi.

A gidansu ba a maganar hannun. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu su, na tsakiya kuma rabi ne, tun kafin a haifi Auta. Yana aiki da shi sarai, yana riƙe ƙusa fiye da masu cikakkun yatsu, amma da ya ji takun mutum a bakin ƙofa, ko da 'ya'yansa ne, hannun ya shige aljihu. Duk rigar da za a ɗinka masa Inna ce ke zuwa wurin tela ta ce a zurfafa aljihun hagu, telan kuma bai taɓa tambayar dalili ba. Wani mai kuɗi ya taɓa ba shi aikin ƙofofi, ya hango hannun, ya girgiza kai, ya ce zai ƙara masa wani abu saboda Allah. Baba ya ɗauko kafin alƙalamin da aka ba shi ya mayar masa, ya ce ya nemi wani kafintan. Watan nan sai da suka ji jiki a gida, amma ko sau ɗaya ba a ji ya yi nadama ba.

Da yamma ta sami Inna tana ninke wanki, ta zauna tana taya ta, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Inna ta ci gaba da ninki kamar ba da ita ake ba. Can ta ce ita kam ba da bakinta ba. Ta ce ranar da abin ya faru da ƙafarsa ya kai kansa asibiti, hannun naɗe a cikin riga, ya dawo bai ce mata komai ba sai dai a kai masa ruwan wanka, kuma daga ranar har yau ba ta tambaya ba. Sannan ta gaya wa Auta abin da ba ta sani ba. Tun da injin ya ƙone, kullum yana shago yana tsaga katako da zarton hannu, wai don ya rage aiki, in ya dawo sai ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Kuma kowace yamma sai ya tambaya ko Auta ta ce wani abu game da koren. Ba ya tambayarta kai tsaye, kada ya takura mata a kan aikinta.

"Ke kuma me kike ce masa, Inna?"

"Ina cewa yana tafiya. To me zan ce?"

Ranar Talata ta nufi shagon da kyamara a jaka, bayan ta shirya maganganu iri-iri a cikin mota. Shagon ɗaki ɗaya ne mai zurfi, a layin masu walda da masu gyaran babur. Tun daga nesa ta jiyo zarto yana tafiya a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Ta raɓe daga waje inda ba zai gan ta ba. Yana sanye da tsohuwar singileti, garin katako har gira, gwiwa ɗaya a kan katakon, hannun hagun ya danne gefensa, yatsu biyu da rabi sun kafe gam. Hasken ƙofa ya sauka a kansa daidai yadda ake so. Zuciyarta ta ce ga shi nan, ki ɗauka, ba zai ma sani ba. Har ta zuge jakar, har ta taɓa kyamarar, sai kunya ta rufe ta, ta ji ta tsani kanta. Ta yi gyaran murya ta yi sallama, hannun ya shige aljihun wando.

Ya yi murnar ganinta, ya kakkaɓe mata benci, ya nuna mata katakon da ya tsaga, wanda da inji ne aikin ɗan lokaci ne. Ya ce hedimasta ya biyo ɗazu, ya kalli injin a lulluɓe, aka ba shi kujera ya ƙi zama. Ya faɗi hakan yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Da ta ce ana so a sake hoton, sai fuskarsa ta canza, ya tambaya ko wancan bai yi kyau ba ne, ga shi kuwa innarta ta sha wahala wurin gugar. Ta ce ya yi kyau, kyan ne ma ya yi yawa. Ya ce shi dai bai taɓa jin inda kyau ya zama laifi ba, amma ita ce mai ilimin abin, ta faɗi yadda ake so. Ta kalli aljihun wandon. Ta ce batirin kyamarar ya mutu, za ta dawo gobe.

Da safiyar Laraba Manaja bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce mutanen can suna tashi daga barci ne lokacin da mu muke shirin tashi daga aiki, don haka in hoton bai hau yau ba, an rasa yini guda, kuma ba a da yinin zubarwa. Ya ce ya fahimta, uba uba ne, in ba za ta iya ba ta ba shi kyamarar ya je da kansa ya yi wa dattijon bayani. A zuciyarta ta hango Manaja a cikin shagon yana kaɗa yatsu yana share gumi, ta hango abin da zai biyo baya. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ta tarar ba a share shagon ba, an yaye injin, baƙin ƙunarsa a fili. Sannan an jawo wani kabad daga lungu zuwa tsakiyar ɗaki. Kabad ne da ya daɗe yana yi a lokutan da babu aiki, ba na sayarwa ba, ya fi shi tsawo, kuma babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katako ne ya shiga katako ya riƙe. In ka tura durowarsa sai ka ji iska tana fita a hankali kafin ta rufe. Shi kaɗai ya jawo shi, ga sawun ja nan a ƙasa. Ashe bakin Inna da ta ce ba da shi ba, da shi ɗin aka yi.

Bai bari ta zauna ba.

"Innarki ta gaya mini," ya ce. "Na juya maganar, na ce to, mutanen nan ba su san ni ba, ba za mu haɗu a hanya ba. Zan yi. Amma kabad ɗin nan zai fito a bayana, dukkansa, daga sama har ƙasa. In za su ga hannun, su ga abin da ya yi. Kuma kada ki rubuta taimako, Auta. Rance ne, biya zan yi."

"Na ji, Baba."

"Ba ji na ce ba. Kin yarda?"

"Na yarda. Dukkansa zai fito."

Ya je ya tsaya a bayan injin, ya gyara tsohuwar rigar aikinsa. Ya ɗan jima a haka, sannan ya zaro hannun a hankali ya shimfiɗa shi a kan ƙarfen. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa kallonsa kai tsaye ba. Fatar wurin ta yi santsi, ta ɗan yi haske, an ɗinke ta a karkace. Hannun uban da ya ciyar da ita ne, amma yau take ganinsa, kuma ta cikin kyamara. Ta kasa tsayar da kyamarar, hotunan farko duk suka fito dishi-dishi.

"Ke da yatsunki suka cika, kin kasa riƙe ɗan wannan abin?" in ji shi.

Ta yi dariya da hawaye a ido, ta cije, ta ɗauka. Abin da ya ba ta mamaki, da aka gama bai mayar da hannun ba. Da shi ya jawo mata durowa ya ce ta tura ta ji, da shi ya nuna mata inda katako ya ciji katako, yana bayani baki har kunne. Da za ta tafi ya kakkaɓe mata garin katako a kafaɗa da hannun, ya ce ta gaida Manaja. Ta fito layin masu walda zuciyarta cike, tana jin kamar yau aka ba ta babanta.

Ta ɗora hoton yadda yake, kabad daga sama har ƙasa. Ta rubuta cewa kafinta ne, ga aikin makaranta yana jira, ga kabad da ya yi ba ƙusa, da wannan hannun ya yi shi, kuma rance yake nema. Kafin a tashi koren ya ɗan motsa. Da safiyar Alhamis ya wuce rabi, ya sake tsayawa.

Ta buɗe shafin a wayarta don ta ga abin da mutanen can suke gani, nan take ta gane matsalar. A waya hotunan ƙanana suke fitowa, ba su wuce kwalin ashana ba. A wannan girman abin da ido ke kamawa katon kabad ne mai sheƙi, irin na falon masu hali, da ɗan tsoho a gabansa. Hannun kuwa ɗan ɗigo ne a kan baƙin ƙarfe. Sai wanda ya tsaya ya buɗe zai gani, su kuwa ba tsayawa suke ba. A sama da hotonsa wata mai kiwon kaji ta cika, a ƙasa wani mai faci ya cika, shi yana nan.

Rana ta take, ta fara karkata. Ba ta ci komai ba, ba ta tashi daga kujera ba, tana ta sabunta shafin kamar hakan zai tura layin. Manaja ya zo ya tsaya a bayanta, tana jin numfashinsa. Can ya ce damar canza hoto ta ƙare, amma matso da shi ba canzawa ba ne, wannan ana yi ko sau nawa. Ya faɗi haka ya koma ofishinsa ya turo ƙofa.

Ta kira wayar Baba, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, ta san yana kan zarto. Akwai lokacin sake kira, akwai ma lambar mai waldan da ke maƙwabtaka da shi. Ba ta sake kira ba, domin ta san amsar da zai ba ta, kuma ta san in ta ji amsar da kunnenta ba za ta iya tsallake ta ba. Ta tuna da kafaɗar da ake gasawa da ruwan zafi, da hedimastan da ya ƙi zama, da kujerar da yayanta ya riga ya tanada a ƙofar gida. Ta kama gefen hoton ta fara ja. Saman kabad ɗin ya tafi. Ta ƙara ja, durowoyin suka tafi, ƙofofin suka tafi, har ba abin da ya rage sai fuskar dattijo da hannunsa a kan ƙarfe, babba, kowane ɗinki a fili. A bayansa wani duhu-duhu ne kawai da ba za a ce ga ko mene ne ba. Ta danna.

Manaja bai yi ƙarya ba. Ba a jima ba koren ya zabura, ya sake zabura, kamar an buɗe famfo. Ma'aikata suka taru a bayanta suna kallo, da ya cika da sauran lokaci suka yi tafi, Manaja ya fito yana share wuya yana cewa ai ya faɗa. Masu zubawar kan bar 'yan saƙonni a ƙasa, ta bi su tana karantawa. Wani ya ce Allah sarki, bawan Allah. Wata ta ce hoton ya sa ta kuka. Wata kuma ta ce ta tara 'ya'yanta ta nuna musu, don su riƙa gode wa abin da suke da shi. Auta ta tashi ta shiga banɗaki ta wanke fuska, ta daɗe ba ta fito ba.

Ta same shi a bakin shago yana jira, ya hango ta ya ɗaga mata hannu, na hagun. Ta ce ya cika, Baba, gobe da safe za a je a ɗauko injin. Ya zauna a kan benci, ya yi godiya ga Allah, ya maimaita. Ya ƙwala wa mai walda kira ya gaya masa, ya ce a sanar da hedimasta ya zo gobe ya zauna a kujerar da ya ƙi. Rabon da ta ga fuskarsa haka tun kafin injin ya ƙone.

Da murna ta lafa, sai ya matso kusa da ita ya rage murya. Ya tambaya me suka ce game da kabad ɗin. Ya ce a cikin mutane masu yawa haka ba za a rasa kafinta ko ɗaya ba, kuma kafinta da ya ga kusurwar nan zai gane. Ƙarya tana nan a bakinta, mai sauƙi, ba zai taɓa buɗe shafin da kansa ba. Amma ta gaji da ƙarya a makon nan. Ta buɗe wayar ta miƙa masa.

Ya ɗauko tabarau daga aljihun riga ya sa. Ya daɗe yana kallo, ya ɗan karkata wayar, ya shafa gefenta da yatsa ko sauran hoton zai fito.

"Ina kabad ɗin?"

"An matso da hoton ne, Baba. Ba a ganin hannun da kyau."

"Manajan naku ne ya yi?"

"Ni ce."

Bai ɗago ba. A layin wani yana ta bai wa babur wuta, ƙarar ta cika shagon ta lafa.

"Amma dai ya cika," ya ce.

"Ya cika."

"To." Ya cire tabarau ya ninke. "Wannan yankan dai babu jini."

Ta ce ya yafe mata, ta fara bayanin kwalin ashana da lokaci da ya ƙure. Ya ce babu komai, ita ce mai ilimin abin, kuma ga shi an samu. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, da ma zaginta ya yi da ta ji sanyi. Ya ce ta kama masa su mayar da kabad ɗin, gobe inji zai buƙaci wuri. Suka tura shi lungunsa, ya ɗauko zanen gadon da a da ke kan injin ya lulluɓe shi.

Suka fito, ya jawo ƙofar ƙarfen. Kwaɗon shagon tsoho ne mai taurin kai, sai an riƙe shi da hannu ɗaya an danna da ɗayan. Ta ga yana fama da shi da hannun dama kaɗai, kwaɗon yana zillewa, ya sake kamawa, ya sake zillewa. Sai a lokacin ta lura hannun hagun ya koma aljihu. Ta tsaya da kyamara rataye a kafaɗa tana jiran ya zaro shi, bai zaro ba, ta kuma gane ita yake jira.

Ta juya masa baya tana kallon titi, hawaye na zuba. Ta ji kwaɗon ya rufe.